Kwana a gungu: abin da ya kamata ku sani kafin ku hau kwalekwale

A Turai da Amurka akwai wani yawon shaƙatawa da mutane ke kashe wa kuɗi sosai. Mutum zai ɗaure tanti da guzurinsa a kan ɗan ƙaramin jirgin ruwa marar inji, ya tuƙa da ƙarfin damtsensa har wani tsibirin da babu gida ko ɗaya, ya hura wuta, ya kwana ɗaya ko biyu, ya juyo. Jiragen iri biyu ne. Na farko shi ne kayak, siririn kwalekwale mai rufi wanda ake zama a cikinsa ƙafafu a miƙe, ana tuƙi da filafili mai baki biyu. Mutanen Inuwit na ƙasashen ƙanƙara ne suka ƙirƙiro shi, da fatun dabbobin teku suke ɗinka shi don farauta. Na biyu wani faffaɗan allo ne da ake tsayawa a kansa ana tuƙi da dogon filafili. Daga tsibiran Hawai ya yaɗu, yawancin na yanzu kuma da famfo ake hura musu iska. Kogin Kwara ma, wato Neja, ya taɓa ganin irin wannan tafiya: a 2002 wata marubuciya Ba'amurkiya, Kira Salak, ta tuƙa kayak ita kaɗai daga Segu zuwa Timbuktu a ƙasar Mali, kusan kilomita 1,000.

Hotunan irin wannan yawo suna ta zagaya wayoyi, saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗalibi a jami'ar Aliero ko saurayi a Birnin Malam ya gani ya ce wa abokansa, "Mu ma ai muna da gulbi." Da gaskiyarsa. Kwana a tsibiri ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kebbi. Sarkawa sun daɗe suna kafa tunga a kan yashi da gungu, su yi watanni suna su, suna banda kifi, ruwa ya juya su tashi. Wasunsu har tsibiran Tafkin Chadi sana'ar ta kai su. Bambancin shi ne, su a cikin ruwan aka haife su, sun san ranar da yake wasa da ranar da ba ya wasa. Mutumin tudu da ya zo shan iska bai san ko ɗaya ba, ga shi kuma yana zaton tsibiri wuri ne marar mai shi. Waɗannan biyun, rashin sanin lokacin ruwa da rashin sanin masu wurin, su ne suka fi jefa baƙo cikin wahala, sun ma fi dorinar da kowa ke fara tambaya a kanta.

Ina tsibiran suke?

Gulbin da ya ratsa ƙasar Jega shi ne Gulbin Zamfara, wanda a wannan yanki aka fi sani da Gulbin Gindi. Ya biyo ta Anka da Gummi, ya wuce Jega, ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato a kudu maso yammacin Birnin Kebbi, daga nan su gangara tare zuwa Kwara. A zamanin da, in ruwa ya cika, jiragen fatake kan hawo daga Kwara har Jega, yana cikin abin da ya ɗaga kasuwar garin a ƙarni na 19. Amma gulbi ne mai bin damina. Da rani yakan ja baya, ya bar tuddan yashi a tsakiya da kududdufai a gefe, manoman fadama su shigo da injinan ban-ruwa su shuka shinkafa da albasa da tattasai. Tsibiran da ake gani a nan na aro ne. Wanda ka gani bana ba lalle ka same shi baɗi ba, ruwa ya kwashe yashin ya kai wani wuri.

Tsibirai na dindindin, masu ƙasa da itatuwa da mutane, sai an gangara kudu ta hanyar Maiyama da Koko zuwa Yauri. A nan Kwara ya buɗe, ya rarrabu, ya bar gungu-gungu a tsakaninsa. Daga gungun ne ma Gungawa suka samo sunan da Hausawa ke kiransu da shi, su kuwa Reshe suke ce wa kansu. Manoma ne ƙwararru, musamman a noman albasa na ban-ruwa, abin da mutumin Aliero zai ji ya yi masa kama da gida. Tsibiran nan sun taka rawa a tarihin masarautar: a ƙarni na 19, lokacin rikice-rikice, sarakunan Yauri sun zauna a tsibirin Ikum kafin hedkwata ta koma Yelwa a 1888. Har yau akwai mazaɓa a ƙaramar hukumar Yauri mai suna Gungun Sarki.

Sai aka gina madatsar ruwan Kainji tsakanin 1964 da 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya haura murabba'in kilomita 1,200, tsawonsa ya wuce kilomita 130, a wurin da ya fi faɗi kuwa ya kai kimanin kilomita 24. Ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya nutse a 1806, ya haɗiye tsibiran Gungawa da dama, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Abin da ya rage a saman ruwa, kamar tsibiran Foge da ke tsakanin Kebbi da Jihar Neja, ya zama mafakar tsuntsayen ruwa, har aka sa Foge a jerin dausayin duniya masu kariya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Ku riƙe wannan tarihi, domin yana da amfani ga matuƙi: ƙarƙashin tafkin nan tsohon daji ne da gonaki da kufai, kututturan itatuwa suna nan tsaye a cikin ruwa, su ne ke farke cikin jirage har yanzu.

Ruwa biyu na Kwara

Wanda ya tashi a bakin Gulbin Gindi ya san ƙa'ida ɗaya: damina ruwa ya cika, rani ya ja. In ya ɗauki wannan ƙa'ida ya kai ta Yauri, za ta yaudare shi, domin Kwara sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ita ce ta farin ruwa, ruwan daminarmu da gulaben Sakkwato da Rima da Zamfara da Ka suke kwasowa da laka, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu ita ce ta baƙin ruwa. Shi ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan Gini, ya shiga babbar fadamar Masina a Mali ya yi watanni yana jan ƙafa, ya sauke lakarsa a can, sa'an nan ya iso mana a tsakiyar hunturu, daga wajen Disamba har Fabrairu, ya yi garau. Ma'ana, a lokacin da sama ta bushe ƙayau, ƙura ta rufe gari, babu ko alamar hadari, a lokacin ne Kwara ke ƙaruwa. Tafkin Kainji yakan zauna a cike tun ƙarshen damina har wajen Maris, sa'an nan ya riƙa sauka yayin da ake sakin ruwa don samar da lantarki, ya kai ƙarshen ja a tsakiyar damina. Tsakanin cikarsa da jansa akwai mita da yawa, shi ya sa tudun da aka noma a watan Yuni zai iya zama gidan ƙarfasa a watan Janairu.

Gulbin Gindi kuma nasa makircin daban. Ruwan da ya sauka a ƙasar Zamfara da rana yana iya isowa Jega cikin dare, ba tare da ɗigo ɗaya ya faɗi a nan ba. Mai barci a kan yashin tsakiyar gulbi a watan Yuni ko Yuli yana iya farkawa ya ji tabarmarsa a jiƙe, kwalekwalen da bai ɗaure ba kuma ya kama gabansa. Waɗanda ke gefen Argungu da Birnin Kebbi da Bunza suna da ƙarin abin lura, wato sakin ruwa daga madatsun Bakolori da Goronyo, wanda ba ya jiran shawarar mai kwana a yashi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 da ta 2020 a fadamun Kebbi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

In da ni za a tambaya, sai in ce a bar damina gaba ɗaya, a bar farkonta ma, wato Afrilu da Mayu, lokacin da guguwa ke tasowa daga gabas cikin 'yan mintoci ta tayar da igiyar ruwa a Kainji. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi: sauro ya ragu, zafi ya faɗi. Amma shi ma da nasa sharaɗi. Hazo yana rufe gaɓa har matuƙi ya rasa gabas da yamma, sanyin asuba a kan ruwa kuma ba na wasa ba ne, sai da bargo na gaske. Dabarar da masunta ke yi ba ta da tsada: da isa, a kafa tsinke a daidai inda ruwa ya tsaya, a duba shi bayan la'asar, a sake dubawa bayan isha'i. In ruwa ya haye tsinken, a tattara a koma tudu tun ido na ganin ido.

Gungu yana da masu shi

Babu tsibirin da ba na kowa ba. Wanda ka gani shiru, wani ne ke noma shi in ruwa ya ja, ko wani ya kafa gura da mamari a kewayensa, ko Fulani na tsallakar da shanu su ci burugu a kansa. Wasu wuraren ma an hana su a cikinsu sai lokacin da aka buɗe, kamar yadda ake tsare ruwan Matan Fada a Argungu har ranar gasar kamun kifi da aka fara a 1934, wadda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016. Sarkin Ruwa ne ke kula da wannan tsari, kuma aikinsa bai tsaya ga biki kaɗai ba. A garuruwan bakin gulbi shi ne ke sanin wanda ya shiga ruwa da wanda ya fito, shi ke raba rigimar masunta, shi ake nema in wani ya nutse.

Saboda haka tafiyar a ƙofar mai gari take farawa, ba a bakin ruwa ba. A je a yi gaisuwa, a faɗi ko su wane ne, daga ina, mutum nawa, kwana nawa. A nemi Sarkin Ruwa ya haɗa ku da Basarken da ya san wurin, a yi ciniki da shi a fili, a biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba. Kuɗin nan shi ne mafi amfani a duk abin da za ku kashe. Basarken ne ya san inda kututture yake, ya san kwarin da dorina ke kwana, ya san tarun wa za ku yaga in kuka bi ta can.

Akwai kuma dalilin da bai kamata a ɓoye ba. Tun bayan sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, da labaran 'yan bindiga a dazuzzukan da ke kewaye da Kainji, mutanen bakin ruwa ba sa kallon baƙuwar fuska yadda suke yi a da. Samari biyar da ba a san su ba, da jakunkuna, sun hura wuta a tsibiri da tsakar dare: ku ɗora kanku a matsayin ɗan banga ku faɗi abin da za ku zata. A sanar da 'yan sanda ko hakimin yankin. In masu gari suka ce kada a je wuri kaza a wannan makon, maganar ta ƙare, ba a neman hujja.

Tsallakawa

A nan ne rayuka suka fi salwanta. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Warrah, cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne. Dalilan da ake lissafawa bayan kowane irin wannan hatsari ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tsufan jirgi, tafiyar dare, kututture, da rashin rigar ceto. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sa rigar ceto, hukumar HYPPADEC mai raya yankunan madatsun lantarki ma ta sha raba rigunan a garuruwan bakin ruwa. Sai dai a wurare da yawa rigar tana rataye a bukka, ko an yi matashin zama da ita a cikin jirgin.

Mutane kan ce, "Ai na iya ruwa." Iya ruwa a kududdufin bayan gari dabam, iya ruwa a tsakiyar Kwara da kaya a jiki dabam. Masu ninƙaya a kan gora a Argungu tun suna yara suke koyo, kuma ku lura, su ma da abin da ke ɗauke da su. Babbar riga ko doguwar jallabiya ko zane in sun sha ruwa nauyinsu ya isa ya ja ƙato ƙasa, don haka kaya marasa nauyi ake sawa, a ɗora rigar ceto a kai, a ɗaure igiyoyinta tun kafin a taka jirgi. Jarka marar komai mai murfi a rufe gam tana iya riƙe mutum a saman ruwa, yana da kyau a ɗaure biyu a jikin jirgi, amma ba ta maye gurbin riga ga wanda ya buga kai ya suma. In jirgi ya kife kuma yana nan yana yawo a sama, a riƙe shi. Gaɓa kullum ta fi nisa a kan yadda ido ke nunawa.

Lodi kuwa a shimfiɗa shi ƙasa-ƙasa a tsakiyar jirgi, a ɗaure, a bar gefen jirgin ya ɗaga sama da ruwa sosai. Kada kowa ya miƙe tsaye don ɗaukar hoto. A tafi da filafili na ajiya, da ƙwarya ko roba ta kwarfe ruwa, da igiya mai tsawo. Matuƙi mai matsakaicin ƙarfi yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa a ruwan da ba ya gudu, in kuma yana fuskantar gudun ruwa ko iska, rabin haka ma sai ya yi da gaske. Shi ya sa ake fara tafiya da hawa, a bar gangara ta zama ta dawowa, lokacin da hannu ya mutu. Kuma a tashi da sassafe, kafin iska ta farka.

Ga mai sha'awar kayak ko allon tuƙi na hurawa, gaskiya ɗaya ce: don ruwan da ba shi da ƙaya aka yi su. Gaɓar gulabenmu cike take da ƙaidaji, da ƙugiyoyin mamari da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa, ga ƙayar kurungu da tarwaɗa. Ƙari a kan haka, allon ba shi da nauyi, mai tsaye a kansa iska take turawa yadda ta ga dama, tafki mai faɗin Kainji kuwa ba wurin gwaji ba ne. Igiyar da ake ɗaure allon da ita a idon sawu tana ceto a ruwa mai kwanciya, amma a ruwa mai gudu in ta sarƙe a kututture sai ta danne mutum a ƙasa. Ko a ƙasashen da aka saba da abin yana kisa: wani hatsari da aka yi a watan Oktoban 2021 ya ci rayukan mutum huɗu a wani kogi a yankin Wales na Birtaniya, da allunansu suka faɗa wata 'yar madatsa bayan ruwan sama mai yawa. Kwalekwalen katako da Basarke a bayansa ya fi su dacewa da ruwanmu nesa ba kusa ba.

Kafin a tashi, a bar wa wani a gida da wani a bakin ruwa sunan tsibirin da lokacin dawowa. Waya a cikin leda biyu, da batirin ajiya, amma kada a dogara da ita, sabis yana ɗaukewa a wurare da yawa.

Wurin shimfiɗa

A isa da sauran rana, a zagaya tsibirin da ƙafa kafin a sauke kaya. Ana neman wuri mai tudu, sama da layin tarkacen ciyawa da kainuwa da ruwan baya ya bari, domin wannan layi shi ne shaidar inda ruwa ya taɓa kaiwa. A ja kwalekwale sama a ɗaure shi a itace ko turke.

Yanzu sai dorina. Tana nan a ruwan Yauri, farautarta a cikin jirage ce ma tushen bikin Rigata da ake yi a garin, a 2024 kuma ta hallaka wani dattijo da ke kamun kifi a can. Namiji yakan kai kilo 1,500, a tudu kuma tana gudun da ya kai kilomita 30 a awa, ba mai tsere mata. Ciyawa take ci, da dare take fitowa kiwo, kuma hanya ɗaya take bi kullum, har ta zama lawali mai faɗi daga ruwa zuwa ciyawa, da sawu mai yatsu huɗu da kashi a warwatse. Wanda ya ga wannan ya ɗauke tantinsa, mafi kyau ma ya sauya tsibiri. Mafi munin wuri shi ne tsakanin dorina da ruwa, mafi munin dorina kuma mai ɗa. A cikin jirgi, masu tuƙi kan riƙa ƙwanƙwasa gefensa don wadda ta nutse ta ɗago a san inda take, a ba ta fili.

Kada shi ɗabi'ar mutum yake karanta. In kullum wuri ɗaya ake zuwa ɗiban ruwa ko wanke kwano da magariba, ya gane. A ɗebo ruwa da guga tun da rana, a yi wanke-wanke da alwala a tudu, a gyara kifi nesa da wurin kwana, a kafa tanti aƙalla mita 50 daga bakin ruwa in tsibirin ya ba da hali. Macizai kuwa, in ruwa ya cika tudu suke gudowa, tudun nan da kuka zaɓa. A share ciyawa, a riƙa kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada a fita da dare sai da tocila, kada a cusa hannu cikin tarin itace. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓa tamau. A cire zobe da agogo, a kwantar da mutum, a hana wurin motsi, a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji. Ku lissafa tun kafin ku tafi awa nawa ne daga tsibirin zuwa babban asibitin Yauri ko na Jega, ku ga ko lissafin ya kwanta muku.

Abin da ido ba ya gani

Sauro ya fi dorina da kada da maciji kisa in an haɗa su. Binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya, kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, shi ya sa aka fara rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Bakin gulbi da dare kuwa gidansa ne. Gidan sauro mai magani dole ne ko da akwai tanti, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, a sa riga mai dogon hannu da safa tun magariba. Hayaƙin banda yana rage shi, ba ya kore shi.

Sai tsargiya. Yawancin mutane suna ɗauka shan ruwa ne ke kawo ta, alhali ta fata take shiga. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga jikin wasu ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar gaɓa, su fito da yawa suna iyo, su huda fatar duk wanda ya tsaya a wurin. Ruwa marar zurfi, mai ɗumi, mai ciyawa, wanda ya fi jan hankalin mai son wanka, shi ne ya fi haɗari. Hanin da addini ya yi game da yin bawali a ruwan da ke tsaye ya isa ya karya wannan zagaye da za a bi shi. A tsibiri, a haƙa rami mai zurfin taƙi guda nesa da ruwa, a binne. Ruwan wanka kuma in an ɗebo an ajiye shi kwana biyu a rufe, ko an dafa shi, tsutsar ta mutu.

Ruwan sha a taho da shi daga gida, aƙalla lita 4 ga kowane mutum a yini, ban da na girki. In ya ƙare, a tace na gulbi da tsumma mai tsabta, a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar kulorin. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, garau ɗin baƙin ruwa ma kada ya ruɗi kowa. A riƙe 'yan ƙullin gishiri da sukari na ORS saboda gudawa. Guzuri mai jure zafi ya fi: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, shinkafa da manja, kayan shayi. Kifi a saya a hannun masu tunga, giwan ruwa ko ragon ruwa ko ƙarfasa, ya fi a jefa ƙugiya a ruwan da ba a ba ku izni ba.

Wuta a hura ta a kan yashi, ƙarama, nesa da busasshiyar ciyawa, a kashe ta da ruwa kafin barci. Iskar hunturu tana iya cinye ciyawar tsibiri da bukkokin masunta da tarunansu cikin ɗan lokaci, kuma a tsibiri babu wurin gudu. Kada a sare ɗanyen itace, saiwarsa ce ke riƙe da ƙasar. A wurare irin Foge, tsuntsaye a kan yashi tsirara suke ƙwai, taku ɗaya ya isa. Leda da robar ruwa da gwangwani duk a dawo da su a buhu, in an bar su cikin saniyar wani ko tarun wani za su ƙare.

Bayan an dawo, a koma a sallami mai gari da Sarkin Ruwa, kada a bar mutane suna neman waɗanda tuni suna Jega suna shan shayi. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin makonnin da suka biyo baya ya je a gwada jininsa, ya kuma gaya wa likita cewa ya kwana a bakin gulbi. Tsargiya takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin jini ya bayyana a fitsari, wani ma ba ya ganin komai alhali tana cin mafitsara ko hanta. Gwajin fitsari da na bayan gida ne ke nuna ta, maganinta kuma, firazikwantal, gwargwadon nauyin mutum ake auna shi, don haka a asibiti ake karɓa.